Bangon da Aka Sa Gabas a Sama

Ina tsaye a kan tukunyar kunu na ji sallama daga zaure. Muryar yayan mijina ce, kuma ba lokacin zuwansa ba ne. Shi malamin allo ne, bayan azahar yana zaune cikin ɗalibansa, ba ya tashi sai la'asar. Na amsa, na ce ya shigo. Sai da ya sake yin sallama sannan ya ɗaga labule. A hannunsa akwai baƙar jakar da mijina yake ratayawa in zai yi tafiya. Na dubi jakar, na dubi bayansa, ban ga kowa ba.

Ya ce, "Aje ludayin nan."

Na ajiye.

"Sai haƙuri. Allah ya yi ikonsa bisa hanyar Sabon Birni."

Daga baya ne na ji yadda abin ya kasance. Mutanen daji ne suka buɗe wa motarsu wuta, direba bai tsaya ba, mijina kuma yana zaune a bakin taga. Amma a lokacin ban tambayi komai ba. Na yi salati, na zauna a kan turmi, abin da ya fara fita daga bakina shi ne, "Yaya, yara na can makaranta suna jiran kunu." Ya ce zai aika a sallame su. Kafin magariba an kai shi makwancinsa.

Mijina malamin firamare ne a nan Isa. Kowa Malam yake ce masa, ni ma haka nake kiransa. Asalinsu mutanen Sabon Birni ne, gidan malamai, shi kaɗai ne a cikinsu ya bi boko har ya zama abin yinsa. Duk babban hutu yakan buɗe karatun hutu a makarantar da yake koyarwa. Ba wanda ya sa shi. Yakan ce yaro in ya yi dogon hutu yana bin gona, ran da aka koma aji sai an sake nuna masa yadda ake riƙe fensir. Da yake hutun a tsakiyar damina yake faɗowa, ba uban da zai ba ka ɗansa da safe. Safiya ta gona ce. Don haka karatun bayan azahar ake yinsa, yara su zo da laka a ƙafa, wasu da fartanya a kafaɗa, su jingine ta a gindin bishiyar dogon yaro.

Da farko yaran unguwa ne kawai. Da ƙauyuka suka fara tashi, mutane suka riƙa shigowa Isa da tabarmi da tukwane, sai karatun ya sake kama. Yara suka zo daga Kamarawa, daga ƙauyukan Bafarawa, har daga can wajen Kurawa. Cikinsu akwai manya, 'yan mata da samari waɗanda rabonsu da aji an daɗe, waɗanda kunya ba za ta bar su su zauna da 'yan aji ɗaya ba in an koma makaranta. A karatun hutu ba a tambayar ajin kowa. Ana karatu, ana lissafi, ranar Laraba a yi aikin hannu. A shekarun baya ni nake zuwa in koya wa 'yan mata saƙar hula. A wannan shekarar ciwon ƙafa ya zaunar da ni, sai aikina ya koma dama kunu. Iyaye su kawo ɗan gero, wani ya kawo tsamiya, ni in dama, manyan yara su zo su ɗauka a bokiti.

Saboda haka duk abin da na sani game da bangon, a bakin Malam na fara jinsa, yana cin tuwo yana ba ni labari.

Ya ce gardama ce ta tashi tsakanin yara a kan wa ya fi zuwa daga nesa. Ya tambayi wata yarinya 'yar wajen Kurawa, budurwa ce tana tasowa, ya ce ta ina garinsu yake. Ta ce ita ba ta san hanya ba, a bayan mota aka zo da su an lulluɓe su da tamfol. Amma ta ce, "In na tsaya salla, garinmu na hannuna na hagu." Da ya tambayi sauran, duk haka suka amsa. Wani ya ce nasu na dama, wani ya ce nasu na bayansa, wani ya ce gaba ne amma a ɗan karkata. Ba wanda ya ce arewa ko kudu. Kowa daga alƙibla ya fara.

Malam ya kwashe su zuwa bayan aji uku. Akwai dogon bango a nan wanda in ka fuskance shi, gabas ka fuskanta. Kuma ruwa ba ya yawan dukansa, tunda hadarinmu daga gabas yake tasowa. Ya hau benci, ya rubuta GABAS a can sama da baƙin fenti. Ya zana Isa a tsakiya. Sannan ya ce kowa ya tsaya kamar zai yi salla, ya nuna garinsu da hannu, inda hannu ya nuna nan za a zana. Na gaba su tafi sama, na baya su sauko ƙasa, na hagu hagu, na dama dama.

Na ce masa, "Malam, ni dai a 'yar makarantar da na yi, arewa ake sawa a sama."

Ya ce, "Haka ne, Malama. Za ni koya masu wannan ma. Amma bari su fara samo gidajensu tukuna."

Malama yake ce mini in yana jin tsokana, don ya san iyakata firamare da ajin yaƙi da jahilci.

Fentin kuwa, wani tsohon ɗalibinsa ne mai rubuta allunan shaguna a Sabon Birni yake tara masa guntaye. Akwai ja, akwai baƙi, akwai kore. Burushi ba ya isa, sai yara suka riƙa tauna kan itace kamar asuwaki suna zane da shi. Manya su haɗa fenti, su ɗaga ƙanana a kafaɗa. Kullum Malam ya dawo da tabo a riga, ni in yi ta mita wajen wanki. Na ce zan lallaɓa da sanda in je in gani. Ya ce a'a.

"Ki bari sai an sa gulbi. Ran rufewa za ni ɗauko ki da kaina, ki gan shi cikakke."

Gulbin ne ya rage. Malam ya yi ta tambayar direbobi da masunta da masu kiwo ta inda ruwan ya bi, inda ya rabu, inda ya haɗe, har ya zana shi da alli, layi biyu, daga wannan gefen bango zuwa wancan. Shuɗin fenti ne babu. Ya ce zai je ya gaida mahaifiyarsa, ya karɓo shuɗin a wurin ɗalibinsa, ya dawo kafin azahar. Yaran suna gindin bango da itatuwansu a hannu lokacin da ɗan aiken Yaya ya isa.

Na shiga takaba. Gwaggon Malam, ƙanwar mahaifinsa, ta dawo gidan don ta zauna da ni. Tsohuwa ce mai faɗa, amma ba ta taɓa barina in kwana da yunwa ba. Na ajiye kwalli da turare, na ɗaura zane ɗaya. Ba zan yi dogon bayani a kan waɗannan kwanaki ba. Mutane suna shigowa, suna fita, ina amsa gaisuwa. Abin da na fi tunawa shi ne gajiya. Ko ɗaga kofin ruwa sai na yi shawara da kaina.

Da aka buɗe jakar, an sami ƙullin gyaɗa da mahaifiyarsa ta aiko mini, da carbinsa, da ƙaramin gwangwanin fenti shuɗi, ba a buɗe shi ba. Yaya ya ba ni gyaɗar, ya ce wannan tawa ce tun daga can. Sauran ya haɗa da kayan Malam, ya sa a ɗakinsa, ya kulle, sai ranar rabon gado.

Bayan sadakar bakwai yarinyar Kurawa ta zo. Ban taɓa ganinta ba, amma da ta buɗe baki na gane ta. Ta durƙusa, ta yi mini gaisuwa yadda manya suke yi, sannan ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi.

Gwaggo ta ce, "Ke, in da magana ki yi. Ba a zo gidan mutuwa a yi ta kallon ƙasa."

Ta ce, "Inna, an ce Malam ya taho da shuɗin. Allin na gogewa. Ƙanana na shafa shi da hannu, awaki na goga jiki. In anka ba mu, mu munka san yadda ake yi."

Na aika aka kira Yaya. Ya tsaya a bakin zaure, na gaya masa. Sai ya tambaye ni.

"Kyauta anka ba shi?"

"Haka ya ce mini, Allah gafarta Malam."

"To ya zama nashi ke nan. Abin da ke nashi yanzu na magada ne, cikinsu ko akwai marayu ƙanana. Ko allura ba ni iya fitarwa, ƙanwata. Ki gafarce ni."

Na ce, "Don makaranta ya karɓo shi."

"Na sani. Amma bai kai ba. Da ya kai ya aje, da ba ruwana."

Ban yi masa gardama ba. Yaya ba mutum ne mai tsanani ba, tsoron haƙƙin maraya ne da shi, kuma marayun nawa ne. Ya ce zai nemi wani shuɗin a kasuwa, kuma na san ya nema. Kafin ya samu, aka yi wani ruwa mai iska wanda ya juyo ta yamma, irin wanda ba a cika yi ba. Washegari yarinyar ta dawo ta ce allin ya tafi duka.

Ana cikin haka hedimasta ya zo. Abokin Malam ne tun suna samari. Ya tsaya a zaure, labule tsakaninmu, ya sake yi mini ta'aziyya, ya tambayi yara. Na ji yana jan magana, na san akwai wata a baya. Can ya ce an ba da aikin gyaran makarantar, masu fenti za su zo kafin a koma karatu, kuma kowane bango za a shafe, launi ɗaya. Ya ce har sabon malamin da aka turo ya maye gurbin Malam ya yi magana a kan taswirar, wai za ta rikita yara a jarrabawa, tunda ta takarda arewa ce a sama. Ban ji haushin wannan malami ba. Abin da ya faɗa ni ma na taɓa faɗa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban gan shi ba."

"Mi?"

"Bangon. Ban taɓa ganinsa ba. Ya ce in bari sai an gama."

Shi da ni duk mun san lissafin. Za a koma makaranta gero yana tsaye a gona, ni kuwa ba zan fita takaba ba sai an daɗe da girbi.

Ya ce, "Za ni gwada, Malama. Ban yi maki alkawari ba, aikin ba a hannuna yake ba."

Bayan kwana biyu matarsa ta zo da wayarsa, ta ce ya ɗauko mini hoto. Na karɓa. Gilashin wayar a fashe yake, rana kuma ta haske bangon, abin da na gani tabo-tabo ne ja da kore. Na nemi rubutunsa ban iya rabe shi ba. Na yi godiya na mayar mata.

Daga gidanmu zuwa makarantar ba nisa. In iska ta juyo har ƙarar ƙarfen da ake bugawa muna ji. Na yi ta juya abin a raina, har wata rana na tambayi Yaya ko zan iya zuwa in dawo, da rana tsaka, a lulluɓe, Gwaggo na biye da ni.

Gwaggo ba ta bari ya amsa ba. "Da wa? Ni? In raka ki kallon bango? Gobe a ce matar ɗanmu ko arba'in ba a yi ba tana yawon kallon zane. Ni tawa takabar ko zaure ban leƙa ba."

Yaya ya ce, "Gwaggo, bari. Abin da littafi ya ce, mai takaba na iya fita da rana in akwai lalura, ta dawo ta kwana ɗakinta." Ya juyo wajen labule. "Ke za ki gaya mani ko lalura ce. In kin ce lalura ce, ni za ni tsaya maki, ba mai magana."

Da ya hana ni kai tsaye, da ya fi mini sauƙi. Na zauna da tambayar kwana da kwanaki. Ba ciwo ne zan kai asibiti ba. Ba abinci ne ya ƙare ba. Bango ne nake so in tsaya a gabansa. Na san abin da zuciyata take cewa, amma a ce in buɗe baki a gaban malami in kira shi lalura, kuma takabar nan ita ce abu na ƙarshe da zan yi wa Malam, sai na kasa. Da Yaya ya sake tambaya, na ce a bari. Gwaggo ta dube ni, ranar ita ta yi mini tuwo.

Ban san wanda ya gaya wa yaran ba. Ranar da ya kamata a yi bikin rufe karatun hutu, bayan azahar, sai na ji hayaniya a zaure. Yarinyar Kurawa ce a gaba, bayanta yara cike da ƙofa, manya da ƙanana.

Gwaggo ta ce, "Wannan wace irin runduna ce? Ba kunu yau, ku koma."

"Ba kunu munka zo sha ba, Kaka."

"To mi?"

Yarinyar ta ɗauki tabarmata ta shimfiɗa a yamma da tsakar gida. Ta ce, "Inna, zauna nan, kamar za ki yi salla." Na zauna ina fuskantar gabas. Ta ɗauki kara, ta tafi can gindin katanga ta rubuta GABAS a ƙasa. Ƙasar da danshi, rubutun ya fito. Ta dawo tsakiya ta yi da'ira, ta ce nan ne Isa. Sannan kowa ya kama wurinsa.

Wani yaro ɗan Kamarawa ya zana garinsu, ya yi ta faɗaɗa shi har ya kusa taɓa Isa. Wani ɗan Bafarawa ya ture shi.

"Kai, a bango ma haka ka yi. Garinku rumbu nawa ne da za ka cinye mana fili?"

"Ya fi naku. Ku mi gare ku in ba kasuwa ba?"

"Kasuwar da ubanka ke zuwa sayen gishiri."

"Malam ya ce kowa ya zana yadda ya san garinsu. Ni haka na san shi."

Ɗan Bafarawa ya zana rumfunan kasuwa, ya jera babura a gefe, ya ce a bango ja ya yi masu, kuma Malam ya ce nasa baburan sun fi kama da fara. Yara suka yi dariya. Ni ma na ji bakina ya motsa, rabona da haka tun ranar.

Akwai wani dogon yaro Bafillace da ya tsaya bai zana komai ba sai da kowa ya gama. Sannan ya ja dogon layi mai lanƙwasa, ya ratsa tsakanin garuruwan, ya yi ɗigo-ɗigo a kansa. Na tambaye shi wane gari ne wannan. Ya ce ba gari ba ne, burtali ne, ɗigon kuma shanu. Ya ce da ya gaya wa Malam su ba su da wuri ɗaya, Malam ya ce to ya zana inda suke bi.

Yarinyar Kurawa ta tafi hannuna na hagu, can kusa da madafa. Ba ta zana gidaje ba, itace ɗaya ta zana mai faɗin kai. Ta ce tsamiyar bakin rijiyarsu ce, in ka gan ta ka iso.

Gwaggo tana tsaye da tsintsiya tana kallo. Can ta ce, "To ina namu? Garin da anka kai ni aure, yamma da nan?" Wata ƙaramar yarinya ta ce ai yana bayan Inna, sai in Inna ta tashi. Gwaggo ta ce, "Bar ta zaune. Ta daɗe tana zaune bisa kaina."

Na ce, "Saura gulbi."

Nan aka tsaya. Yarinyar Kurawa ta ja layi daga wajenta, ta kawo shi wani wuri ta tsaya, ta ce daga nan ba ta sani ba. Ɗan Kamarawa ya ce ta nan ya bi, ɗan Bafarawa ya ce ƙarya ne, ta can ne, shi ya sha tsallakawa. Bafillacen ya ce duk su biyun sun yi daidai, ruwa biyu ne, amma inda suka haɗe bai taɓa zuwa ba. Kowa ya san mashigin garinsu, ya san inda ake wanka da inda ake shayar da dabbobi. Yadda guntayen suka haɗu suka zama gulbi ɗaya, Malam kaɗai ya bi ya tambaya, kuma a alli ya ajiye shi. Suka yi ta ja suna gogewa da ƙafa har aka kira la'asar. Na sa aka raba masu gyaɗar da surukata ta aiko, suka tafi.

Gwaggo ba ta kwana ba ta share tsakar gida ba tun da na san ta. Wannan karon ta riƙa kewaye zanen da tsintsiya, tana korar kaji, tana cewa ƙafarta ce ke ciwo shi ya sa ba ta kai can ba. Ruwan da aka yi bayan kwanaki ne ya share shi.

Masu fenti suka zo. Ina jin labarinsu a bakin yara, yau sun gama ofis, gobe sun kama aji ɗaya. Na daina tambaya. Ran da suka tafi, hedimasta ya aiko matarsa. Ta ce ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Mai aikin ya yarda ya bar saman bangon, tunda baya yake, masu dubawa ba sa zagayawa can sosai. Amma jan fentin da ake shafawa daga ƙasa zuwa ƙirjin mutum, wanda ya kewaye kowane gini, wannan ya ce dole ne, in babu shi ba za a karɓi aikinsa ba. Na ce a gaya masa na gode. Da gaske na gode.

Aka yi girbi, aka kai gero rumbu. Aka raba gado. Kayan Malam ba su da yawa, ba a daɗe ba. Da aka zo kan gwangwanin, Yaya ya sa shi a cikin rabona, ya kawo mini da hannunsa. Ya ce, "Ga shi, yanzu naki ne, ki yi yadda kika so." Na ga idonsa ya kaɗa. Na karɓa na ajiye.

Ran da na fita takaba na yi wanka, na sa sabon zane, na zaga dangi kamar yadda ake yi. Sai washegari na tafi makaranta, ni kaɗai, da sandata. Ana cikin aji, ba wanda ya kula da ni. Na zagaya bayan aji uku na tsaya.

GABAS yana nan a sama, rubutunsa ne, da yadda yake jan wutsiyar harafin ƙarshe. Na daɗe ina kallonsa. Ƙasa da shi garuruwan da suke gaba duk suna nan, da baburan da suka yi kama da fara, da wani yanki na burtali. Isa an raba ta biyu, rabin sama ya tsira. Duk garuruwan yamma sun tafi ƙarƙashin jan fenti, kuma yawancinsu ƙananan yara ne suka zana, don nan hannunsu yake kaiwa. A hannun hagu na nemi tsamiya. Kanta kawai ya leƙo a saman layin, gindin ya nutse. Na ɗaga hannuna na hagu na miƙe shi yadda Malam ya ce su yi, na tsaya haka kaɗan, sannan ƙafata ta fara ciwo na sauke.

Na tambayi yarinyar Kurawa. Aka ce sun tashi bayan girbi, wasu suka ce Sakkwato, wasu suka ce sun tsallaka Nijar wajen dangin uwarta. Bafillacen ma ba a sake ganinsa ba. Da babban hutu ya zagayo, hedimasta ya nemi wanda zai riƙe karatun, kowa ya kawo uzurinsa, ban ga laifinsu ba. Bayan azahar nakan ji makarantar shiru.

Hedimasta ya taɓa tambayata ko in ba da shuɗin a sa wani ya ja layi, ko yaya ne, don a rufe aikin. Na ce sai in an sami wanda ya san ta inda ruwan ya bi. Ya ce zai tambayi direbobi, amma yawancin waɗanda Malam ya tambaya sun bar bin hanyoyin nan.

Gwangwanin yana cikin ɗakina, a bayan akwati, ban buɗe shi ba. Gulbin har yau ba a zana shi ba.